Ledar da Na Shimfiɗa a Kiribi

A Garwa aka fara cutata, kuma ban gane ba sai da na isa Ngaundare.

Shekarun nan ne da hanyar Bama da ta Gamboru suka gagari mutane, don haka ta Yola na zagayo na shiga Kamaru. Na haura shekara hamsin a lokacin, talatin daga ciki a durƙushe na yi su ina shimfiɗa kafet a Maiduguri. Sunana Modu, shagona yana Hausari. Ofisoshin GRA, masallatai, falukan masu hali, da wuya ka shiga biyar ba ka taka aikina ba. Da gari ya rikice kowa ya koma ta kansa. Wa zai sayi kafet alhali bai san ko zai kai wata a gidan ba? Sai na ji ana cewa a bakin teku akwai aiki.

A tashar Garwa wani mutum mai farar riga ya tare ni da Hausa tsantsa. "Alhaji, da ganinka baƙo ne. Kana da takarda?" Na ce ba ni da ita. Ya kama baki, ya ce a ƙasar nan ko kaza ba ta tafiya ba takarda. Ya ja ni bayan wani shago ya kawo mini wata mai hatimi har biyu, duk da Faransanci. Na biya, na yi godiya, har addu'a na yi masa.

A tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare jandarma ya karɓa ya karanta, ya dube ni, ya sake karantawa, ya kira abokinsa. Suka yi ta dariya har ɗaya yana dafa bango. Wani Bafillace da ke bayana a layi ya ce, "Malam, cewa suke ina shanun. Wannan takardar rakiyar shanu ce." Ya ji harshena ya gane inda na fito, sai ya ƙara da cewa, "Ka gani ko, Babarbare? Har mutanen Kamaru sun san kai mai yi mana kiwo ne." Ya fassara musu wannan ma. Dariyar ce ta cece ni, suka kore ni da hannu na wuce. A cikin jirgi ya raba burodinsa biyu ya miƙo mini rabi. Ban tambayi sunansa ba. Ina cin burodin ina tunanin cewa daga nan har inda za ni, ni mutum ne marar takarda.

Duwala, inda na yada zango, ruwa ne kawai. A Maiduguri in ka shanya riga, kafin ka idar da alwala ta fara bushewa. A can sai ta kwana uku a rataye, ka ɗauko ta da sanyi-sanyi tana warin tsohuwar rijiya. Hulata zanna da na adana a ƙasan jaka don Juma'a, na buɗe na tarar ta yi fumfuna. Na zauna na riƙe ta kamar an aiko mini da rasuwa. Ba abinci na fi kewa ba. Busasshiyar inuwar dogonyaro bayan azahar nake kewa, da ƙamshin turaren wuta in ka gifta ƙofar gida a Hausari.

Mako uku na yi ina dako a kasuwa, bayana yana gaya mini shekaruna. Wata safiya na zo zama a teburin mai shayi, bakina ya riga ni, na gaishe da mutane da "Wushe" kamar ina gida. Wani siriri mai tabarau a ƙarshen benci ya ajiye kofinsa.

"Kai! Wa ya kawo Yerwa nan?"

Yerwa shi ne sunan da muke kiran Maiduguri da shi. Na ji kamar an zuba mini ruwan randa a ƙirji.

Sunansa Bitrus, mutumin kudancin Borno, da magatakardan coci ne. An tashi ƙauyensu, matarsa Saratu da 'ya'yansa mata uku suna ɗaki ɗaya a bayan wata coci a Wulari. Shekararsa biyu a Kamaru. Ya fito da katin zamansa daga aljihun gaba ya nuna mini, yana riƙe da shi da hannu biyu. Ya ce saura wata huɗu a sabunta shi, kuma ba a sabuntawa sai maigidan da kake wa aiki ya rubuta wasiƙa ya sa hannu. In aka sabunta, zai iya ɗauko iyalinsa. Har ɗakin da zai kama musu ya gani.

"Ya Modu, mene ne sana'arka?"

"Kafet."

Ya tafa hannu. "Ai mu ma kafet muke yi, sai dai namu ciyawa ce."

Haka na bi shi Kiribi. Gari ne a bakin teku sosai, otal-otal a jere. Masu otal suna son koriyar ciyawa a lambu, amma ta gaske ba ta jure gishirin iska da takun baƙi, sai su shimfiɗa ta roba. Ita ma laima ba ta ƙyale ta. Gashinta yakan kwanta inda aka fi takawa, gansakuka ta kama ta ta yi santsi, haɗin da ke tsakanin falle da falle ya buɗe baki. Aikinmu mu wanke gansakukar da ruwan sabulu, mu taje gashin da buroshi mai tauri har ya miƙe, mu yanke inda ya cinye mu sa faci, sannan mu watsa busasshen yashi mu share ya shige gindin gashin ya riƙe shi.

Maigidan, Misiye Pol, ya san ba ni da takarda. Bitrus ne ya tsaya mini. Ba na jin Faransanci, don haka duk maganar da ta shiga tsakanina da maigida ta bakin Bitrus take bi.

A yanka da haɗi na fi Bitrus, shi ma ya sani. Facina ko ka durƙusa ba za ka gane shi ba. Amma a makon farko na shafa gam na danne yadda na saba, washegari muka tarar haɗin ya ɗage.

"Ya Modu, gam ɗin nan ba ɗan Yerwa ba ne," in ji Bitrus. "Sai ka busar da wurin, ka kafa masa tamfol, ka ba shi yini guda."

"Ina shafa gam tun kana rarrafe."

"Shi ya sa ka gaji. Zauna in koya maka."

Na yi dariya, amma a ciki abin ya tsaya mini. Ciwona ke nan tun ina saurayi: ba na tambaya. Yaran shagona da yawa sun bar ni saboda haka. Uwargidana Falmata ta sha gaya mini, ban ji ba.

Ɗaki ɗaya muka zauna da Bitrus. Shi yake tada ni da asuba, yana cewa, "Liman, tashi, naka lokacin ya yi, ni sai Lahadi." Da azumi ya zo, bai taɓa cin abinci a gabana ba. Muna ci a wurin Inna Jummai, Bahaushiya haifaffiyar Kamaru mai sayar da shinkafa da kifi. Takan ajiye mana ƙanzo ta ce na 'yan gudun hijirarta ne.

Saura mako uku a sabunta katin Bitrus, babban aiki ya zo. Lambun wani otal ne da za a yi walimar biki a cikinsa. Ƙasan ya lotsa, dole a naɗe ciyawar duka, a daidaita tsakuwar da ke ƙarƙashi, a mayar. Mun naɗe, mun daidaita, sai zazzaɓi ya kayar da Bitrus. Daga kan tabarma yana rawar sanyi ya ce mini, "Shimfiɗawa kawai, ka haɗa, ka zuba yashi. Don Allah kada ka ƙara komai naka."

Wannan "naka" ɗin ya sosa mini rai.

Da na warware ciyawar, ranar na fara ganin bayanta gaba ɗaya. Ramuka ne ƙanana a jere, tsakanin kowane biyu kamar taƙi ɗaya. Da can nakan ga ɗaya ko biyu a jikin faci, in ɗauka sawun ƙusa ne. A sana'ata rami a bayan kafet ƙofar gara ce. Ga ƙasan kuma da danshi. A Maiduguri duk ɗakin da na ji danshi ko na ga gara, leda mai kauri nake fara shimfiɗawa in liƙe bakinta, kuma saboda haka ake nemana. Sai na ce a raina, ashe shi ya sa ciyawar mutanen nan take ruɓewa, ba wanda ya san aikin. Na je kasuwa na sayo leda da kaina. Na shimfiɗa ta falle kan falle, na yi wa bayan ciyawar gam ba rowa, har kowane rami ya toshe.

Inna Jummai ta kawo mini abinci ta tsaya tana kallo. "Baba, Bitrus yana sa wannan ledar kuwa?"

Na ce, "Bitrus magatakarda ne."

Ta ajiye kwano ta tafi.

Aikin ya yi kyau, wannan kam ba zan ɓoye ba. Bitrus ya warke ya zo ya taka, ya ce, "Kai, Babarbare, hannunka da albarka." Ban gaya masa ba. Jira nake a yi ruwa, lambun ya tsaya garau, sannan in nuna masa abin da dattijo ya sani.

Ruwan ya zo ana gobe walima, tun hantsi har la'asar. Da muka je, ciyawar ta tashi tana lilo kamar tabarma a kan tafki. In ka taka nan, ruwa ya ɓullo can. Yashin ya taru gefe guda, haɗin da nake taƙama da shi ya buɗe duka. Rumfunan da aka kafa suna tsaye cikin ruwa. Mai otal yana ihu, masu biki suna ihu, Misiye Pol ya shiga da takalminsa ya kama bakin ciyawar ya ɗaga. Ga baƙar ledata tana sheƙi.

Ya yi magana a hankali, ba ihu. Bitrus ya juyo gare ni, fuskarsa ta canza.

"Yana tambaya wa ya sa leda."

Na san amsar. Kalma biyu ce. Amma na hango wani jandarma a ƙofar otal yana fakewa daga yayyafi, na tuna Ngaundare, na san wannan karon ba Bafillacen da zai ba su dariya. Na sunkuyar da kai ina kallon ruwan da ya rufe mini idon sawu.

Ban san tsawon shirun ba. Sai na ji Bitrus yana magana da Faransanci. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga ya ɗora tafin hannunsa a ƙirji.

A nan take, a gaban mai otal, Misiye Pol ya sallame shi. Ba wasiƙa, ba sa hannu. Ni kuma aka bar ni a aiki, aka ce in gyara ɓarnar.

Kafin ya tafi, Bitrus ya raka ni lambun. Ya taya ni ɓare ledar inda ta ɓaru. Inda gam ya kama, ya hura gawayi ya sa rodi a wuta, ya nuna mini yadda zan huda, taƙi ɗaya rami ɗaya.

"Ramukan nan ba lalacewa ba ce, Ya Modu. Ta nan ruwa yake bi ya shige tsakuwa. Da ka tambaye ni."

"Me ya sa ka ce kai ne?"

"Ni kora ce kawai. Kai da jandarma zai kira."

"Katinka fa? Su Saratu fa?"

"Zan sami wani maigidan." Yana faɗa yana goge tabarau da bakin riga, bai dube ni ba.

A lokacin ma da sauran dama. Misiye Pol yana ofis, tafiyar minti biyar. Kamata ya yi in kama hannun Bitrus mu je, in ce ya fassara. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah ya saka da alheri." Ya ce amin, ya ɗauki jakarsa.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina huda ciyawar nan. Ƙaurin roba ya kama mini riga da gemu. Kowane rami na huda sai in ji ruwa ya tsiyaye ƙasa da 'yar ƙara, kamar ana gaya mini abin da kowa a garin ya sani ban da ni.

Bitrus ya koma Duwala yana dako a tashar jiragen ruwa. Ya kira ni sau uku. Ba maigidan da ya yarda ya sa wa sabon mutum hannu cikin mako biyu, katin ya mutu. A kira na uku ya tambaye ni ko lambun yana shan ruwa, na ce yana sha, ya ce to madalla. Daga nan wayarsa ta daina shiga. Wani direba ya gaya wa Inna Jummai cewa an yi binciken takardu a tashar, an kwashi mutane a mota an nufi arewa da su, bakin iyaka.

Ranar da na ji haka na roƙi Inna Jummai ta raka ni ta fassara. Na tsaya gaban Misiye Pol na ce ni na sayo ledar, ni na shimfiɗa, Bitrus yana kwance bai sani ba. Na ce a kira jandarma, a rubuta masa wasiƙarsa. Ya saurara yana juya makullin mota a yatsa, ya ba da amsa gajeriya. Inna Jummai ta fassara mini.

"Baba, wai ya sani tun ranar. Wai Bitrus ya yi masa lambu fiye da goma, ba zai sa leda ba. Wai mai otal yana son ya ga an kori wani, Bitrus kuma ya miƙa kansa. Wasiƙa kuma yanzu ba ta da amfani, ba a sabunta mataccen kati."

"Ni fa, me ya sa ya bar ni?"

Ta tambaye shi. Ya ɗaga kafaɗa.

"Wai marar takarda ba ya gardama."

Ba wanda ya kira jandarma. Washegari aka tura ni wani otal ɗin in taje ciyawa. Na tafi na taje. Wata takwas na ƙara a Kiribi, don ban san me zan yi ba in ba haka ba. Duk direban da ya fito daga arewa sai na tare shi in kwatanta masa siriri mai tabarau. Kowa ya ce irinsu da yawa.

Da na dawo Maiduguri na kwana biyu a gida, a na uku na hau keke napep zuwa Wulari. Coci uku na shiga kafin wani dattijo mai gadi ya nuna mini matar Bitrus. Saratu tana bakin hanya tana tuya ƙosai, babbar 'yarta tana ƙulla wa masu saye. Na yi sallama na ce ni ne Modu na Kiribi.

Ta ɗago ta dube ni. "Liman," ta ce. Ashe har wannan ya gaya mata.

Ta sa aka kawo mini benci da ruwa. Ta ce ya kira ta sau ɗaya da wayar wani, daga wani gari a bakin iyaka, ya ce zai shigo da ƙafa ta daji tare da wasu, ta sa rai da shi cikin mako. Wajen wata takwas ke nan. Ta je duk inda aka ce ta je, ta ba da hotonsa, ba wanda ya ce ya gan shi a raye, ba wanda ya ce ya ga gawarsa.

Na faɗa mata komai, ledar, da ramukan, da jandarman da ke ƙofa, da shiruna. Ba ta daina juya ƙosai ba.

"Na san maganar ledar," ta ce. "Ya ce tsohon yana da hannu mai kyau, kunne ne ba shi da shi."

Na ce, "Maman yara, ki yafe mini."

Ta tsame ƙosan ta zuba a kwando, ta jira man ya tsane.

"Baba, ba ni ka yi wa shiru ba. In ya dawo, ka faɗa masa da bakinka."

Na koma sana'ata a Hausari, kaɗan-kaɗan, gwiwar ba ta jure yini. Yanzu har a Maiduguri an fara sa ciyawar roba a makarantu da gidajen GRA, wasu sun ji na yi aikin a waje suna aikowa a kira ni. Nakan je. In na ga mai shimfiɗawa ya ɗauko leda, nakan riƙe hannunsa in juya masa bayan ciyawar.

Kowace Litinin ina hawan keke zuwa Wulari. Saratu ba ta kore ni ba, ba ta kuma sake tada maganar ba. Benci yana nan inda aka fara ajiye mini shi, yana fuskantar titi. Nakan zauna daga hantsi zuwa azahar. Duk keken da ya rage gudu sai mu ɗaga kai tare, ni da ita, mu duba wanda zai sauko.